Neman Saurin Intanet a Nguru da Gashuwa: Abin da Saiti Ke Gyarawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

NGURU, Jihar Yobe. A shekarun baya, idan fatake suka gama ciniki a karar shanu ta Nguru ko a rumfunan masu kifin banda na Gashuwa, abin da ya rage shi ne a ƙirga kuɗi a ɗaure su a lalita, kowa ya kama gabansa. A halin da ake ciki yanzu kuwa, yawancin manyan cinikayya ba sa kammaluwa sai wayar mai kaya ta yi ƙara, ya ga shaidar cewa kuɗi sun shiga asusunsa. Tun daga ƙarancin takardun kuɗi da aka sha fama da shi a farkon shekarar 2023, sakamakon sauya fasalin naira, hatta waɗanda a da ba su yarda da banki ba sun koma ga tura kuɗi ta waya da na'urar POS. Saboda haka idan sabis ya yi rauni a ranar kasuwa, motar da aka yi wa lodin shanu ko buhunan riɗi da ƙaro tana iya kwana a tasha, mai saye da mai sayarwa suna zaune suna kallon juna.

Wannan ne ya buɗe wa waɗansu wata sabuwar sana'a. Akan sami masu gyaran waya da kwamfuta da ke karɓar kuɗi don yi wa mutum abin da suke kira "saitin sauri", wato su shiga cikin na'urar su sauya waɗansu lambobi, su ce daga yau intanet ɗinsa zai riƙa gudu. Waɗansu daga cikin waɗannan gyare-gyare suna da tushe, waɗansu sun taɓa yin amfani amma zamaninsu ya wuce, waɗansu kuwa ɓarna suke yi. Ya kamata ɗan kasuwa ya san bambancinsu kafin ya sa hannu a aljihu.

Asalin wannan al'ada ta yi wa kwamfuta saiti don neman sauri daga Amurka ta fito, a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da kamfanonin talabijin na kebul suka fara shigar da intanet gidaje ta wayar da suke kai hotuna da ita. A shekarar 1997 aka fitar da ƙa'idar farko ta wannan fasaha, wadda ake kira DOCSIS, aka kuma fara sayar da modam na kebul mai iya kawo megabit ɗaya da rabi ko fiye a sakan guda, a daidai lokacin da modam na layin tarho ba ya wuce kilobit 56. Sai dai masu saye da yawa sun tarar cewa saurin da aka yi musu alkawari ba ya isowa, kuma laifin yana cikin kwamfutocinsu ne. Manhajar Windows 95 da Windows 98 an tsara su ne da layin tarho a zuci, don haka ba sa yarda a turo musu fiye da kimanin bayit 8,000 a lokaci guda sai sun aika da amsar cewa na farko ya iso.

Misalin abin kamar ɗan kasuwa ne a Nguru da ya ce wa abokin huldarsa na Kano kada ya turo masa fiye da buhu goma sai ya ji daga gare shi cewa goman farko sun sauka. Komai faɗin hanya da yawan motoci, kayan da za su iso a wata ba za su wuce abin da wannan sharaɗi ya ƙayyade ba. Haka lissafin yake a kwamfuta. Idan saƙo yana ɗaukar milisakan 100 ya je ya dawo, wato kashi ɗaya cikin goma na sakan, to sau goma kaɗai za a turo bayit 8,000 a sakan guda, jimla kimanin kilobit 640, ko da layin yana iya ɗaukar ninkin haka sau biyar. Maganin da masana suka samo shi ne a shiga rajistar Windows a faɗaɗa wannan ma'auni, wanda ake kira RWIN ko tagar karɓa, nan take sai sauri ya ninka. Gyara ne na gaskiya, kuma ya yi wa mutane amfani ƙwarai.

Masu shagunan intanet na Arewa a farkon shekarun 2000 sun ɗanɗani irin wannan matsala ta wata fuskar. A wancan lokaci yawancinsu da faifan tauraron ɗan'adam na VSAT suke aiki, taurarin kuwa suna can nisan kusan kilomita 36,000 daga doron ƙasa, ta yadda saƙo kan ɗauki wajen milisakan 600 kafin ya je ya dawo. A irin wannan jinkiri, ko an buɗe tagar karɓa zuwa bayit 65,535, wanda shi ne iyakarta a tsohon tsari, saukar da fayil guda ba zai wuce kimanin kilobit 870 a sakan ba. Duk injiniyan da ya san yadda ake ƙetare wannan iyaka a lokacin, ya cancanci ladansa.

To amma tun daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a shekarar 2007, kwamfuta da kanta take faɗaɗa wannan taga ko ta rage ta gwargwadon yanayin layi, haka ma wayoyin Android da na Apple. Tsohuwar lambar da ake rubutawa a rajista, Windows ta yanzu ba ta ma kula ta. Abin da ya rage kawai shi ne a tabbatar wani bai kashe wannan tsari ba, domin waɗansu tsofaffin manhajojin "ƙara sauri" sukan kashe shi. Mai son dubawa sai ya rubuta umarnin netsh interface tcp show global, ya ga ko layin da ke maganar tagar karɓa yana nuna normal. Idan haka yake, a bar shi yadda yake. Wanda duk ya karɓi kuɗin mutum a yau don ya gyara masa RWIN, ya sayar masa da maganin cutar da ta riga ta warke ne.

Daɗin daɗawa, shi modam na kebul ɗin bai taɓa zama ruwan dare a wannan yanki ba. Jirgin ƙasa ya iso Nguru daga Kano tun 1930, ya mai da garin matattarar gyaɗa da fatu da dabbobi, amma wayar sadarwa ba ta bi sahunsa da irin wannan ƙarfi ba, layukan NITEL kuma ba su taɓa wuce ofisoshin gwamnati da gidajen 'yan tsiraru ba. Sai bayan da aka yi gwanjon lasisin wayar salula a Janairun 2001, kamfanoni suka fara aiki a watan Agusta na shekarar, sannan a hankali sadarwa ta isa hannun talaka. Don haka abin da ake kira modam a Nguru da Gashuwa a yau, ko ɗan ƙaramin nan ne na aljihu ko rautar da ake ajiyewa a shago, a haƙiƙa rediyo ne mai magana da turken sadarwa ta iska. Wanda ya gane wannan ya gane inda gyara yake.

Babban saitin da ya fi kowane tasiri ba ya buƙatar taɓa ko da maɓalli ɗaya, wato wurin da aka ajiye na'urar. Yawancin shagunan kasuwa rufin kwano gare su, ƙofofinsu na ƙarfe, waɗansu ma kwantena ce ɗungurungum, ƙarfe kuwa babban abokin gāban siginar rediyo ne. Sau da yawa za ka tarar an cusa rauta a ƙarƙashin kanta, kusa da batir da injin inbata, don gudun ɓarayi ko ƙura, sannan a zauna ana zagin kamfani. Ɗaga ta sama, a kai ta bakin tagar da ke fuskantar turken sadarwa, yakan kawo sauyin da babu wata lamba da za ta kawo shi.

Bai kamata a dogara da sandunan nan huɗu ko biyar da ke kan fuskar waya ba wajen wannan gwaji, domin kowane kamfanin ƙera waya da yadda yake auna su. Kowace rauta tana da shafin kanta da ake shiga ta hanyar rubuta adireshin da ke manne a bayanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.8.1, kuma a yawancinsu akwai wurin da ke nuna lambobi biyu masu muhimmanci. Ta farko, RSRP, ita ce ƙarfin siginar da ke isowa. Ana rubuta ta da alamar ragi, saboda haka -80 ta fi -100 kyau nesa ba kusa ba, idan kuwa ta kai -110 ko ta wuce, to na'urar da ƙyar take jin turken. Ta biyu, SINR, tana nuna yadda siginar ta fi hayaniyar da ke kewaye da ita. Idan ta haura 13 lamari ya yi kyau, idan ta gangaro kusa da sifili kuwa, ko sanduna sun cika aiki ba zai tafi ba. Ita wannan ta biyun ce mutane ba su cika kula da ita ba, alhali ita ce ke bayyana dalilin da ya sa wani ke da cikakken sabis amma hoto guda ya gagare shi aikawa. Sai a riƙa matsar da rautar sannu a hankali, ana jira kamar minti ɗaya a kowane wuri, ana rubuta lambobin a takarda. Bambancin taku biyu ko uku yakan ba da mamaki.

Ga waɗanda ke bayan gari, ko ƙauyukan da ke bakin fadamar Haɗeja da Nguru, ko kan hanyar Yusufari da Machina, eriyar waje da ake ɗaurawa a kan doguwar sanda ita ce mafita. Ƙasar wannan yanki galibi shimfiɗaɗɗiya ce, babu dogayen gine-gine da za su tare sigina, don haka tsawon 'yan mitoci kan sa eriya ta hango turken da ke da nisa. Sai dai akwai kuskuren da ake yawan yi. Wayar da ke haɗa eriya da rauta tana shanye sigina gwargwadon tsawonta, har ta kai ga wanda ya ja mita 20 ta waya mai araha ya zubar da duk ribar da eriyar ta samo masa. Abin da ya fi shi ne a ajiye rautar kusa da eriya, a cikin inuwa, sannan a jawo wayar kwamfuta irin ta Ethernet zuwa shago, domin ita tana kai mita 100 ba tare da asara ba. Kada kuma a manta da wayar da ake binnewa a ƙasa saboda tsawa, tun kafin damina ta faɗi.

Bayan wuri sai zaɓin nau'in sabis. Waya ko rautar da aka bari ta zaɓa da kanta takan riƙa tsalle tsakanin 4G da 3G da 2G idan tana bakin iyakar turke, kuma a duk tsallen da ta yi akan sami 'yar yankewa. Ga mai kallon bidiyo wannan ba komai ba ne, amma ga mai tura kuɗi ko mai yi wa ɗalibi rajistar jarrabawar JAMB, yankewar sakan biyu tana iya mai da aiki farko. Idan gwaji ya nuna 4G tana da ƙarfi a wurin, a ɗaure rautar a kanta kaɗai. Idan kuwa rauni gare ta, 3G mai tsayawa ta fi 4G mai zuwa tana tafiya. A lura cewa wannan shawara ta rauta ce. Wayar hannu idan aka ɗaure ta a 4G kaɗai, mai yiwuwa kira ya daina shiga, sai fa idan wayar da layin duka suna iya ɗaukar murya ta kan 4G.

Akwai kuma batun zangon da kamfanoni ke watsa sigina a kansa. Ƙananan zanguna, irin su megahaz 700 da 800, suna tafiya da nisa suna kuma ratsa bango, shi ya sa MTN ya sayi kamfanin Visafone a 2016 saboda zangon 800 da ke hannunsa. Manyan zanguna kamar 1800 da 2600 sun fi ɗaukar kaya amma ba sa nisa. Amfanin sanin wannan ga ɗan kasuwa shi ne a wajen saye. Rauta ko wayar da aka shigo da ita ta hannu daga wata ƙasa mai yiwuwa ba ta jin zangon da kamfanin ke amfani da shi a garin, sai mutum ya ga maƙwabcinsa yana aiki da 4G shi kuwa yana fama da 3G a kan layi iri ɗaya. Babu saitin da zai gyara wannan, sai dai a duba takardar na'urar kafin a biya.

Wani abin da ke cinye sauri, kuma ya cinye kuɗi tare, shi ne ayyukan da na'urori ke yi a ɓoye. Kwamfuta mai Windows 10 ko 11 takan sauko da sabbin gyare-gyarenta da kanta, wani lokaci gigabayit da dama, ba tare da ta nemi izini ba. A cikin saitin haɗin Wi-Fi akwai wurin da ake sanar da ita cewa layin na awo ne, wato ana biyan kuɗin kowane megabayit, da zarar an kunna shi takan dakatar da yawancin wannan ɗabi'a. Ba a ce a daina sabunta kwamfuta ba, domin kariya ce daga 'yan damfara, sai dai a zaɓa mata lokaci, kamar tsakar dare. Wayoyi ma haka suke, suna kwafe hotuna zuwa Google, WhatsApp kuma yana sauko da duk bidiyon da aka jefa a zaure. Shi aikawa sama ɗin ya fi illa, domin hanyar fita ta fi ta shigowa ƙunci, idan ta cushe kuwa hatta amsar da kwamfuta ke mayarwa cewa saƙo ya iso sai ta bi layi, komai ya tsaya.

Sannan ga kunyar nan tamu ta hana maƙwabci lambar sirrin Wi-Fi. A ba mutum ɗaya, kafin mako ya zagayo rabin layin shaguna suna kai. Shafin rauta yana nuna jerin duk na'urorin da ke haɗe, kuma mai shagon da ya duba shi karon farko yakan sha mamaki. Hanyar da ba ta ɓata zumunci ita ce a buɗe wa baƙi nasu sashen daban, idan rautar tana da wannan dama, a ƙayyade masa sauri, a bar babban sashen ga kwamfutar aiki, ita kuma a haɗa ta da waya maimakon iska.

Sauran saitunan da ake yawan ambata ba su kai waɗannan nauyi ba. Sauya DNS zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare yana iya sa shafi ya fara buɗewa da ɗan hanzari, tun da aikinsa nemo adireshi ne, amma ba ya ƙara ko kilobit ɗaya a saurin sauke fayil. APN kuwa, wanda shi ne ƙofar shiga intanet ta kowane kamfani, idan yana aiki a ƙyale shi, babu wani na sirri da ke buɗe wata boyayyiyar hanya. MTU, wato girman kowane ƙunshin saƙo, shi kaɗai ne daga cikin tsofaffin gyare-gyaren zamanin kebul da har yanzu yakan yi rana. Ma'auninsa na asali 1500 ne, amma waɗansu hanyoyi, musamman idan ana aiki da VPN don shiga rumbun banki ko na kamfani, ba sa ɗaukar ƙunshi mai wannan girma. Alamarsa ita ce waɗansu shafuka su buɗe lafiya, waɗansu su tsaya a rabi kullum. A nan rage lambar zuwa 1400 a cikin rauta yakan warware matsalar. Idan babu wannan alama, babu dalilin taɓa shi.

Zafi ma yana da nasa rabon. Yawancin rautocin gida an ƙera su ne don yanayin da bai wuce digiri 40 ba, a watannin Afrilu da Mayu kuwa zafin Nguru da Gashuwa kan haura haka a inuwa, balle a ƙarƙashin kwano. Na'urar da ta ɗauki zafi takan rage gudu don kare kanta, ko ta mutu ta sake tashi. Ɗan modam na aljihu da aka bari a caji dare da rana batirinsa kan kumbura.

Duk da haka, akwai iyakar da hannun mai shago ba ya wucewa, kuma a nan ne ake yawan ɓarnar kuɗi. Turken sadarwa guda yana raba ƙarfinsa ne ga duk waɗanda ke ƙarƙashinsa, saboda haka ranar da kasuwa ta cika da baƙi daga ƙauyuka da kuma ƙetaren iyakar Nijar, kowa ɗan kaɗan zai samu komai kyan saitinsa. Shi turken kuma da dizal ko sola yake rayuwa, yana kuma haɗe da sauran duniya ta wayar faiba ko ta faifan da ke miƙa sigina daga turke zuwa turke. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 na 2010 da Equiano na 2022, a Legas suka sauka, fiye da kilomita 1,000 daga nan, kuma ko'ina a wannan tsawo mai aikin hanya ko ɓarawon waya yana iya datse layi. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da kamfanoni a faɗin Nijeriya suka shiga ruɗani na kwanaki. Mutanen Yobe kuma ba su manta da shekarar 2013 ba, lokacin da aka rufe sabis ɗin waya a jihar daga watan Mayu zuwa Yuli a ƙarƙashin dokar ta-ɓaci.

Masu POS su ma su sani cewa na'urarsu ba sauri take buƙata ba, domin bayanan ciniki guda 'yan kaɗan ne ƙwarai. Tsayayyen layi take so. Idan kuma ciniki ya maƙale alhali shafukan intanet suna buɗewa a waya mai layi iri ɗaya, to matsalar tana tsakanin bankuna ne, sauya sim ko kashe na'ura a kunna ba zai motsa ta ba.

Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya sa burin megabit 25 a birane da megabit 10 a karkara. Mai son ya san inda shagonsa ya tsaya sai ya auna da kansa, amma ya tuna cewa kamfanoni da bit suke talla, kwamfuta kuwa da bayit take nuna saukar fayil, bit takwas ne kuma ke yin bayit ɗaya. Layi mai megabit 8 zai nuna megabayit 1 a sakan, ba a cuce shi ba. Awo guda ba ya isa hujja. A yi shi da asuba, da azahar, da bayan isha'i, a ranar kasuwa da ranar da ba ta kasuwa ba, har mako guda. Idan da asuba ma sauri bai da kyau, gyaran yana cikin shago, wato wuri ko eriya ko na'ura. Idan kuwa da asuba yana gudu da yamma ya durƙushe, cunkoso ne a turke, kuɗin da za a ba mai saiti gara a sayi layin wani kamfani daban da su, a ajiye shi don ranar buƙata.

Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, lissafin ya ƙara nauyi ga ƙananan 'yan kasuwa. Manyan masu buƙata, kamar cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta da masu hulɗa da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, suna da zaɓin Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023. Taurarinsa suna nisan kimanin kilomita 550 ne kawai, don haka ba shi da jinkirin tsohon VSAT, bai kuma dogara da turken garin ba. Sai dai kuɗin kayansa da na wata-wata sun fi ƙarfin mai shago guda, yana buƙatar wutar da ba ta yankewa, kuma ruwan sama mai ƙarfi kan rage masa kuzari. Shaguna biyar ko shida da ke jere za su iya duba yiwuwar haɗa hannu, bayan sun karanta sharuɗɗan kamfanin game da raba layi.

Wanda takardar awonsa ta nuna cewa matsalar daga turke take, ya fara kai ƙara ga kamfaninsa, ya karɓi lambar shaidar ƙarar ya adana. Idan ba a biya masa buƙata ba, NCC tana da layin masu ƙorafi, 622, wanda ake kira kyauta, kuma za a nemi wannan lambar shaida kafin a buɗe masa fayil. Ƙarar da ƙungiyar 'yan kasuwa ta rubuta da sunanta, ɗauke da ranaku da sa'o'i da alƙaluman awo na shaguna da dama, ta fi ta mutum ɗaya saurin samun mai saurare.